Sallahun da Bai Isa Wurin Magini Ba

Kwana goma ke nan da aka buɗe ɗakin sanyi na biyu a ma'ajiyar kifi, aka tarar da wani ɗan dako durƙushe a bayan ƙofa, ya sandare. Kwana goma ke nan kuma yayan Auta bai yi barcin kirki ba. Shi ne mai gadin ma'ajiyar, kuma a kansa maganar ta tsaya.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Ranar Asabar ma'aikata suka tashi ƙarfe biyu da rabi. Ɗan dakon ya koma ciki ɗauko safar hannunsa da ya manta a kan kwalaye. Yaya ya zo zagaye, ya ga ƙofa a buɗe sanyi na tsiyaya waje, ya leƙa ya tambaya ko akwai mutum, ƙugin fankoki ya haɗiye tambayar, ya tura ƙofa ya koma kujerarsa a bakin get. Hannun ƙofar na ciki ya fi wata huɗu da karyewa. Duk wanda ya yi wa mai ma'ajiyar maganar gyara, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai akwai ƙararrawa.

Akwai ta kuwa. Wani jan madanni ne a jikin bango daga ciki. In aka danna shi, ƙararrawa za ta kaɗa daidai saman kujerar mai gadi, da irin ƙarar da ke tayar da jariri a layi na uku. Da aka shiga ranar Lahadi da safe, an tarar da madannin a farfashe. Mutumin ya danna har ya gaji, ya koma dukansa da ƙugiyar jan kwali. Saboda haka tambayar kowa ɗaya ce: ƙararrawa na ta kururuwa, ina mai gadi ya tafi?

Yaya ya ce bai je ko'ina ba. Ya faɗa wa 'yan sanda, ya faɗa wa kawunsu da ya tsaya masa aka ba da belinsa, ya faɗa wa Inna har muryarsa ta dushe. Abin takaicin shi ne an san shi. Mutum ne da in ka aike shi sayen gishiri zai dawo maka da labari mai daɗi, ba gishiri. Ya taɓa barin shagon kawu a buɗe ya tafi kallon ƙwallo. Aikin gadin nan ma Auta ce ta roƙa masa, domin kamfanin da take wa aiki shi ya ƙera akwatin da ke haɗa madannin da ƙararrawar. A gida ita ce Auta. A ofis Injiniya ake ce mata, kuma ita ke haɗa manhajar da ke cikin akwatunan.

Ita ta rubuta rahoton da aka kai wa kwamitin bincike, ta sa hannu a ƙasa: akwati lafiya lau. Ranar da ta kai rahoton ta biya ta gidan Inna, ta tarar da Yaya a tsakar gida ya haɗa kai da gwiwa.

"Auta, wallahi ba ta kaɗa ba," ya ce. "Ina zaune a wurin. Ko rediyo ban kunna ba, batir ya mutu."

"Yaya, na duba da idona. Duk minti ɗaya akwatin nan yana aiko da ma'aunin sanyi, bai tsallake ko ɗaya ba."

"To ni ne maƙaryacin ke nan."

"Ni dai na san na'ura ba ta ƙarya."

A gaban Inna ta faɗi haka, da irin muryar nan ta masu takarda. Kwamitin zai zauna ranar Alhamis, kuma in suka ce ya bar wurin aikinsa, kotu za a miƙa shi.

Ranar Laraba da safe Manajan kamfanin su Auta ya ce a haɗa sabon akwati da za a maye gurbin wanda 'yan sanda suka rufe ɗaki da shi. Ofishin nasu bene ne a saman shagon masu faci: tebur huɗu, fanka mai kuka, da dogon benci da ba ya rabuwa da ƙaurin dalma. Auta ta zauna a gaban sabuwar kwamfutarta, ta yi abin da ta yi sau ɗari. Ta danna fayil ɗin da ake kira gina.bat, baƙin allo ya buɗe, rubutu ya zuba, a ƙarshe ya ce an gama. Ta ɗora manhajar a akwatin, ta miƙa wa Dogo, mai haɗa musu wayoyi.

Ba a saba jona ƙararrawar gaske a ofis ba. Sau ɗaya aka taɓa yi, mai faci ya hau sama da ƙarfen taya a hannu yana tambayar wa ke neman kashe shi. Amma ranar Dogo ya ga dama. Tun da abin ya faru ba ya son kallon jan madanni, ya ce yana so ya ji da kunnensa. Ya jona, ya ce kowa ya toshe kunne, ya danna.

Shiru. Fanka kawai ke kuka.

"Ka duba wayarka," in ji Auta.

"Injiniya, shekara goma sha biyu ina wannan aikin."

Ya sake dannawa. A nan ne ta ji wani ɗan gurnani a ƙarƙashin gwiwar hannunta, daga cikin aljihun teburinta, a daƙushe kamar ƙwaro a cikin tulu. Dogo ya danna na uku, gurnanin ya amsa. Ta san abin da ke cikin aljihun, ta kuma san dalilin da ya sa ƙarar ta fito a daƙushe, amma ba ta bar tunaninta ya je can ba tukuna.

Manhajar tasu iri biyu ake haɗa ta. Akwai ta aiki, wadda ke kaɗa ƙararrawa. Akwai ta gwaji, wadda aka yi don kunnen mai faci: in an danna madanni ba ta kaɗa komai, sai ta tura saƙo zuwa wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da ke zaune a aljihun teburin Auta, jone da caja dare da rana. In ban da wannan, komai nasu ɗaya ne. Koren haske iri ɗaya, ma'aunin sanyi iri ɗaya.

Wanda ke tara guntayen manhajar ya dunƙule su wuri ɗaya wani shiri ne da suke kira Magini. Magini ba ya tambaya. Kafin ya fara aiki yana duba muhallin kwamfuta ya ga ko an bar masa bayani, in ya samu ya bi, in bai samu ba ya haɗa ta gwaji ya yi shiru da bakinsa. Dattijo, wanda ya kafa wannan tsarin kafin ciwon ido ya zaunar da shi a gida, sallahu yake kiran irin wannan bayanin. Aikin gina.bat ke nan: ya bar wa Magini sallahu, sannan ya kira shi.

Ta buɗe fayil ɗin. Layi ashirin da biyu ne, kuma shekara huɗu tana wuce su kamar yadda mutum ke wuce ƙofar maƙwabci. Ga sallahun nan a layi na huɗu, ɓaro-ɓaro: set YANAYI=AIKI. Ta ɗan sami numfashi. Sai ta ƙara layi ɗaya daidai kafin kiran Magini, don kwamfuta ta nuna abin da ke hannunta a wannan lokacin. Ta danna. Allo ya rubuta YANAYI, ya rubuta alamar daidai, bayanta kuma fili fetal.

Ta koma sama tana bi da yatsa. Layi na biyu: setlocal. Layi na goma sha tara: endlocal. Kiran Magini yana layi na ashirin da ɗaya. Dattijo da kansa ya koya mata waɗannan biyun a makonta na farko. Ya ce na farkon shimfiɗa tabarma ne, na biyun kuma naɗe ta ne da duk abin da aka ajiye a kai. An ajiye sallahu a kan tabarma, an naɗe, sannan aka kira Magini ya zo ya tarar da ƙasa.

To in haka ne, ta yaya aka yi shekara bakwai ƙararrawa na kaɗawa? Ta fita kan matakala, ta kira Dattijo. Sai da ya yi ta laluben waya kafin ya ɗauka.

"'Yata, kin tuna da makaho?"

"Baba, ina kwana. Tambaya gare ni a kan gina.bat. Sallahun YANAYI ba ya isa wurin Magini. Tabarmar na naɗewa kafin a kira shi."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka tuna masa ƙuruciya. "Kayya, wannan tsohuwar ɓarna! Na lura da ita tun shekarar farko. Ranar muna sauri, motar kaya na jira, sai kawai na shiga saitin kwamfutar na dasa shi a can dindindin. Ko fayil ya ba shi ko bai ba shi ba, Magini zai tarar da shi. Na ce zan dawo in gyara layin, kin san halin zan dawo. Ai ba komai, muddin a tsohuwar kwamfutar nan kuke haɗawa."

"Baba, ta ƙone. Wata biyu ke nan."

"To da kika koma sabuwa, kin dasa shi?"

"Ban san da shi ba. Fayil ɗin kawai na kwafo."

Dariyar ta ɗauke. Ta ji ya rage muryar rediyon da ke kusa da shi. Yana jin labarai, ya kuma san akwatin wa ke ma'ajiyar kifi.

"Akwati nawa kika sabunta daga sabuwar?" ya tambaya a hankali.

"Goma sha ɗaya. Ta intanet na tura, ba wanda ya je ya danna."

Salati kawai ta ji yana yi. Ta kashe wayar don ba ta da ƙarfin rarrashin tsoho.

Ta dawo ta zauna, ta jawo aljihun tebur. Wayar gwaji na nan, a naɗe cikin tsohon gyalenta ruwan toka, ninki huɗu. Ita ta naɗe ta. Asabar ɗin nan ta shigo ofis ita kaɗai don ta ƙarasa wani aiki, wajen ƙarfe uku saura wayar ta fara gurnani, tana karkarwa a jikin katako. Ta ɗauka wani akwatin gwaji ne Dogo ya bari a jone a benci, don ya saba. Ta ja tsaki, ta ce gobe sai ta ci masa mutunci. Abin ya ƙi tsayawa, lissafinta na ta ɓacewa. Ko kallon gilashin ba ta yi ba. Ta ciro gyale daga jaka, ta naɗe wayar, ta tura aljihun da gwiwa, ta ci gaba da aikinta cikin kwanciyar hankali har ƙarfe huɗu da rabi.

Yanzu ta warware gyalen. Saƙo uku na sama na Dogo ne, na ɗazu. A ƙarƙashinsu kuwa, kowane saƙo kalmominsa ɗaya: an danna madannin neman taimako, ma'ajiyar kifi, ɗaki na biyu. Ta yi ta ja da yatsa, ba su ƙare ba. Na farko ƙarfe biyu da minti arba'in da ɗaya. A farkon suna zuwa biyar shida a minti guda. Daga ƙarfe huɗu suka fara tazara. Na ƙarshe biyar da minti tara, kuma wayar ba ta faɗi ko madannin ne ya fashe a lokacin ko hannun ne ya gaza ba. Ɗari da tamanin da uku ne duka.

Ta tashi ta shiga banɗaki ta amayar da shayin safe. Da ta fito Dogo na tsaye da wayar a hannu, bakinsa a buɗe. Ya miƙa mata kamar abin na ƙona shi.

Manaja ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza idanu, ya tashi ya rufe ƙofar ofishinsa.

"Su wa suka sani?"

"Ni da Dogo. Sai Baba."

"To a tsaya nan. Abu na farko, akwatunan nan goma da suka rage. Minti nawa gyaran zai ɗauke ki?"

"Bai kai ashirin ba, yallaɓai."

"Je ki yi. In kin gama ki kawo mini wayar."

"Me za a yi da ita?"

Ya zuba mata ido. "Injiniya, ke ba yarinya ba ce. Wa ya rufe ƙofa da mutum a ciki?"

"Yayana."

"Wa ya ƙi gyara hannun ƙofa wata huɗu?"

"Mai ma'ajiya."

"To laifi ya riga ya sami masu shi. Mutum goma sha huɗu ke ci a ƙarƙashin rufin nan. In maganar nan ta fita, kafin wata ya ƙare ba wanda zai bar akwatinmu a bangonsa. Tsohon can da ba ya gani za a jawo shi gaban kwamiti. Ke kuma kin sa hannu a rahoto. Kin san abin da ake kiran wannan?" Ya sassauta murya. "Ni zan ɗaukar wa yayanki lauya na gaske. Laifin sakaci ne, ba kisa ba. Wata nawa ne? Ya fito in nema masa wani aikin."

Gaskiya ita ce ta so ta yarda. Ta so ƙwarai, har ta ji kunyar yadda zuciyarta ta yi tsalle ta rungumi maganar. Wata shida ko shekara ga mutumin da dama ba wanda ke sa ran komai daga gare shi. Ita kuwa ita ce ke biyan hayar Inna, ita ce hotonta da hular kammala karatu ke rataye a falo. Ta fita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Gyaran bai ma kai minti goma ba, abin da ya ƙara mata baƙin ciki. Ta ɗauke kiran Magini ta mayar da shi sama da layin naɗe tabarma. Ta kuma shiga cikin Magini kansa ta canza masa hali: daga yau in bai tarar da sallahu ba, ya tsaya cak ya yi ja a allo, kada ya haɗa komai. Layi uku. Ta haɗa, ta ɗora a akwatin benci, Dogo ya danna. Ƙararrawa ta tsage ofishin, mai faci ya ɗaga murya daga ƙasa yana zagi, ba wanda ya yi dariya. Ta tura gyaran zuwa akwatuna goma, Dogo ya ɗauki makullin babur ya ce ba zai koma gida ba sai ya danna kowane ɗaya da yatsansa.

Manaja ya fito ya tsaya a bakin teburinta, ya miƙo hannu a ba shi wayar.

"A'a, yallaɓai," ta ce.

"Kayan kamfani ne."

"Na sani. Gobe ka karɓa a hannun kwamiti."

Bai yi tsawa ba. Ya ce ta tuna waɗanda ke zaune a teburan nan, ya ambaci sunan 'ya'yan kowa ɗaya bayan ɗaya, don ya san su. Ta sa wayar a jaka, ta bar gyalen a aljihun tebur, ta sauka matakala.

La'asar ta yi lokacin da ta isa gidan Inna. Inna na bakin famfo tana wanke-wanke. Yaya na kan tabarma a inuwar katanga, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, da wata takarda a cinyarsa. Da ya gan ta sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Injiniya da kanta. Zo ki duba mini wannan, ke ce mai karatu. Lauyan kawu ya rubuta. Ya ce in na amsa cewa barci ya ɗauke ni, za a sassauta."

"Ka yi barcin?"

"To, ban sani ba." Ya sosa ƙeya. "Da na rantse ban yi ba. Amma kwana goma ina juya abin. Akwai zafi ranar, na ci abinci na ƙoshi. Wataƙila na yi gyangyaɗi ban sani ba. Ke kika ce na'ura ba ta ƙarya, ni kuma kin san ni." Ya kalli ƙasa. "Jiya na je wurin matar mamacin. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ina barci mijinta na kira. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni."

Auta ta durƙusa a gefen tabarmar, ta ciro wayar ta sa masa a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Karanta, Yaya."

Ya karanta na farko yana motsa leɓe. Ya ja ƙasa, ya ja, ya ja. Ta yi masa bayani da kalmomin da zai gane: an ba da sallahu bai isa ba, akwatin da ke kansa na gwaji ne, bebe ne, duk kiran da mutumin ya yi nan ya zo. Ƙararrawa ba ta kaɗa ba ko sau ɗaya. Inna ta rufe famfo, ta matso tana goge hannu a zani.

"Ba ta kaɗa ba," Yaya ya maimaita. Ya faɗa sau uku, kamar yana gwada ko maganar za ta ɗauki nauyinsa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Inna ce ta fara dawowa hayyacinta. "Wa ya haɗa akwatin?"

"Ni ce, Inna."

"Wa kika gaya wa?"

"Gobe zan gaya wa kwamiti."

"Ke Auta, ki tsaya ki yi tunani." Muryar Inna ta yi ƙasa, ta waiga ƙofar gida. "Aikinki fa. Sunanki fa. Shi ai lauya ya ce za a sassauta, shi ai dama..."

Ta kama bakinta, amma maganar ta riga ta fita, kuma duk su ukun sun ji ƙarshenta. Yaya ya ɗago ya kalli mahaifiyarsa. Ba fushi a fuskarsa, abin da Auta ta gani shi ne rashin mamaki, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai a ranar.

"Gaskiyar Inna ce," ya ce, ya sa wayar a aljihun rigarsa. "Ni me zan rasa? Kujerar roba? Ni na rufe ƙofar nan ko ta kaɗa ko ba ta kaɗa ba. Tunda dai na san ban yi barci ba, ya ishe ni. Bar shi a kaina."

"Ba ni wayar, Yaya."

"Auta."

"Ba ka gama ji ba. Ka tambaye ni inda wayar take ranar."

Ya kalle ta. "Tana ina?"

"A aljihun teburina."

"Ai Asabar ce. Ba kowa a ofis."

"Ina nan. Ina zaune a kanta. Ta dame ni da ƙara, na naɗe ta da gyale don in ji daɗin aiki."

Inna ta zauna daɓas a kan bokitin da ta kifa. Wata kaza ta ratsa tsakaninsu tana tsattsagar ƙasa. Can waje mai sayar da ruwa na ta buga ƙarfensa.

Yaya ya ɗago kai. "Daga ofishinku zuwa ma'ajiya, minti nawa ne?"

"Goma sha biyu a babur."

"Ni taku goma sha tara ne," ya ce. "Daga kujerata zuwa ƙofar. Na ƙirga ranar da 'yan sanda suka mayar da ni wurin. Kullum sai na taka su a kaina."

Ya ciro wayar daga aljihu ya ajiye mata a tafin hannu, ya rufe yatsunta a kai da nasa, kamar yadda yake mata da kuɗin tara lokacin tana firamare. Ya ɗauki takardar lauya ya ninke ta biyu, ya tura ƙarƙashin tabarma.

"Ƙarfe nawa za su zauna?" ta tambaya.

"Tara. Matarsa ma za ta zo." Ya yi hamma mai tsawo, har ya ba kansa kunya. "Ki yi haƙuri, Auta. Bari in ɗan miƙe."

Ya kwanta a gefe ɗaya, ya yi matashi da hannu. Kafin Inna ta tashi daga kan bokitin, numfashinsa ya canza. Barci yake yi na gaske, baki a buɗe, ƙuda na sauka a goshinsa bai sani ba. Inna ta shiga ɗaki ba ta kalli kowa ba, ta saki labule.

Auta ta zauna a gefen tabarmar tana kora masa ƙuda. Batirin wayar ya nuna saura kaɗan, ta tuna ta baro cajar a ofis. Ta tashi ta nemo ta Inna, ta jona a soket ɗin bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta koma saƙo na farko, na ƙarfe biyu da minti arba'in da ɗaya, ta fara karanta su ɗaya bayan ɗaya, tunda an aiko mata ne.